Ranar da Na Ce Ta Murmure

Ina shekara ta bakwai a Kuala Lumpur Yayana ya kira ni daga Kano, ya ce 'yarsa ta fari ta samu gurbin karatu a wata jami'a a Bukit Jalil, kuma yana ganin bai dace ta zauna da baƙi ba alhali ina gari. Sana'ata sayar da atamfa da mayafai da turaren wuta ga 'yan Najeriya mazauna nan, in kuma an yi biki ko suna ko sallah a kira ni in yi wa mata lalle. Maigidana yana koyarwa a wata jami'a da ke Jalan Semarak. Allah bai ba mu haihuwa ba, ɗaki guda a gidanmu kuwa ba kowa a cikinsa sai ƙullin kaya. Na ce wa Yaya ya turo ta.

Ta iso tana da shekara goma sha takwas, doguwa, mai jiki irin na danginmu, ga son dariya. A watannin farko ba abin da ba ta ɗanɗana ba. In mun je mamak, shagon abincin Indiyawa Musulmi da ke ƙasan benenmu, ita ke karanta allon abinci tana tambayar masu shagon sunan kowane abu, su kuma suna yi mata dariya suna cewa, "Makan, makan," wato ci, ci. Tuwon da nake tuƙawa da garin shinkafar nan kuwa, cewa take yi, "Gwaggo, wannan ai kunu ne ya yi girman kai." Tana faɗa tana ci.

Ba zan iya cewa ga ranar da abin ya fara ba. Na dai tuna ta koma yin azumin Litinin da Alhamis, na ji daɗi har na yi wa Yaya albishir. Daga nan sai azumin ya shiga Talata, ya shiga Laraba. Ranar da ba ta azumi kuma, in na zuba abinci sai ta ce, "Na ci a makaranta, Gwaggo." Ta daina shiga lif, ta riƙa hawa matattakala har hawa na tara inda muke. A garin da zufa ba ta barin mutum ko da asuba, ita sai ta saka rigar sanyi ta naɗe a kujera. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne ta ƙara son kicin. Ita ke girki, ita ke zuba mana, ta tsaya a kanmu tana tambaya ko gishiri ya ji, amma cokali ba ya zuwa bakinta.

Na yi zargin duk abin da mace irina za ta zarga. Na ce olsa ce, na sayo magani. Na ce taifot ne, aka auna jini ba a ga komai ba. Na ce soyayya ce, na bincika a wajen ƙawayenta, suka ce ko saurayi ba ta kulawa. Har ciki na zarga, Allah Ya yafe mini, na kwana biyu ina kallon ta ta gefen ido. Mahaifiyarta ta ce ba shakka hannu aka sa mata, ta aiko da rubutu busasshe ta hannun wani ɗan kasuwa. Na jiƙa na ba ta, ta shanye ba gardama. Na ɗauka an samu nasara, sai daga baya ta gaya min ta sha ne don ta san ruwa ne kawai.

Wata safiya aka kira ni daga tashar jirgin ƙasan cikin gari, wato LRT, wai ta yanke jiki ta faɗi tana jiran jirgi. A asibiti, bayan an yi mata ƙarin ruwa, wata likita Bamalayiya ta shigar da ni ofishinta ta faɗi sunan cutar da Turanci. Sunan bai zauna min a kai ba. Ta sake bayani a hankali: ciwo ne da ke sa mutum tsoron abinci, ya dubi madubi ya ga ƙiba ko da ƙashi ne kawai ya rage a jikinsa, kuma yana kisa in aka bar shi.

Na ce, "To likita, wace ƙwaya za ta sha?"

Ta ce ba ƙwaya ɗaya ba ce. Za ta riƙa ganin likitan jiki, da likitan tunani, da wata mai tsara wa marasa lafiya abinci. Sannan ta miƙo min wata takarda ta ce akwai wani wuri a Brickfields inda matasa masu irin wannan ciwo suke haɗuwa duk Asabar, su yi zane, su yi aikin yumɓu da ɗinki. Ta ce yana taimaka wa wasu.

Da na gaya wa Yaya a waya, sai ya ce, "Zane? Yarinya ba ta cin abinci sai a ce ta je ta yi zane?"

Na ce, "Haka suka ce, Yaya."

"Ke kin yarda?"

Na ce ban yarda ba, ban kuma ƙi ba, tunda ni dabarata ta ƙare.

Asabar ta farko muka sauka a tashar KL Sentral muka taka da ƙafa. Brickfields unguwar Indiyawa ce, shagunan yadi da na gwal a jere, masu saƙa furanni a bakin titi, ƙamshin yaji yana fitowa daga kowace ƙofa. Na lura tana jan mayafinta tana rufe hanci duk sanda muka gifta gidan abinci. Wurin yana saman wani shagon tukwane, ta wata siririyar matattakala ake hawa. Ni kuwa na riƙo ƙaramar kula cike da dambun nama, don ban saba shiga taron mutane hannu rabbana ba, ballantana taron yaran da aka ce ba sa cin abinci. A tunanina in sun ƙi shinkafa ba za su ƙi dambu ba.

Wata dattijuwa Ba'indiya ce ta tare mu a ƙofa, gashinta duk furfura, yatsunta duk fenti. Ita ce malamar wurin. Ta gaishe mu da fara'a, sannan idonta ya sauka kan kular.

"Mene ne a ciki?"

Na ce abinci ne na ƙasarmu, na kawo wa yara.

Ta yi godiya sosai, ta ce amma in yi haƙuri in sauka in ajiye a wajen mai shagon tukwane. Ta ce a ɗakin nan ba a shigo da abinci, ba a maganar abinci, ba a maganar jikin kowa, mai jiki ko marar jiki. Kuma in yaro ya yi aiki ba a ce ya yi kyau ko bai yi ba, sai in shi ya tambaya.

Na sauka da kulata raina a ɓace. Tun da nake ba a taɓa mayar min da abinci daga bakin ƙofa ba. Ina saukowa ina cewa a zuci, wurin da aka hana maganar ciwo ta ina za a warkar da ciwon?

Da na dawo na leƙa ɗakin. Dogon tebur ne guda, a kansa curin yumɓu, gwangwanayen fenti, tsofaffin jaridu, ƙyallaye, almakasai, da keken ɗinki a lungu. Matasan ba su kai goma ba, akwai 'yan Sin, da Malayawa, da Indiyawa, har da namiji ɗaya. Wannan ma ya rikita ni, don na ɗauka ciwon na mata ne. Wasu cikinsu ko ramewa ba su yi ba, in ka gan su a hanya ba za ka ce wani abu na damun su ba. Ba madubi a ɗakin, na banɗaki ma an manne shi da takarda mai zanen kifaye.

Mu iyaye aka zaunar da mu a wata baranda ta baya da butar shayi. A nan na haɗu da wani Basine direban tasi, wanda 'yarsa ke cikin ɗakin. Mutum ne mai shiru, kullum hularsa a gwiwa. Da Turancina na kasuwa da ɗan Malayancin da na tsinta na tambaye shi me ake yi wa yaran a ciki.

Ya ce, "Zane suke yi."

"Na sani. To daga nan fa?"

Ya ɗaga kafaɗa. "Na fi shekara ina kawo ta, ni ma ban gane ba. Amma ranar Asabar ita ke tashina daga barci."

Abin da 'yar Yaya ta fara fitowa da shi wata baƙar takarda ce da ta yayyaga ta sake mannawa da gam, a karkace. A jirgi na tambaye ta mene ne wannan. Ta ce ba komai ba ne. Mako na gaba ta fito da wani curin yumɓu mai ramuka kamar gidan tururuwa. Na manta da dokar malama na ce ya yi kyau. Ta ce, "Gwaggo, ba kyau aka ce mu yi ba." Na jera su a saman kantar falo, maigida ya dawo daga aiki ya tsaya yana kallo, ya tambaye ni a hankali ko ta nan ake riƙewa ko ta can. Na ce shi da ke koyarwa a jami'a bai sani ba, ina ni.

Haka muka yi wata uku. Talata likita, Alhamis mai tsara abinci, Asabar Brickfields. Ban san wanne ne ke aiki a ciki ba, amma wani abu ya fara motsi. Ta koma zama da mu a tebur. Tana ci kaɗan-kaɗan, bisa tsarin da aka rubuta mata, wani lokaci tana ci hawaye na zuba, ni kuma an ce kada in lallashe ta, kada in matsa mata, in ci nawa kawai in yi hira. Ban taɓa sanin cin tuwo zai zama aiki mai wuya haka ba. Sannu a hankali idanunta suka fito daga rami, ta ajiye rigar sanyi.

Wata Lahadi da rana muna cin abinci sai Yaya ya kira ni ta bidiyo. Farin ciki ya cika ni, na juya masa wayar na ce, "Yaya, dubi 'yarka! Masha Allah, ta murmure. Ka ga kumatu sun dawo? Wallahi har ta fara ƙiba."

Yaya ya yi hamdala, mahaifiyarta ta leƙo tana guɗa. Yarinyar kuwa ta ajiye cokali a hankali, ta gaishe su da murya ƙasa-ƙasa, ta tashi ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa.

Ranar ba ta sake cin komai ba. Washegari ma haka. Ran Talata likita ta yi magana da ita ita kaɗai, ta fito fuskarta a kumbure, ba ta dube ni ba har muka iso gida. Na zauna ina juya maganar da na yi, ina neman inda laifin yake, ban gani ba. Tun tasowata, in mutum ya tashi daga ciwo ba abin da ake gaya masa da ya fi wannan daɗi. Haka aka gaya wa mahaifiyarmu da ta tashi daga jinya, ta yi murmushi har da sa albarka.

Asabar ta zo ta ce ba za ta je ba. Na yi shiri na tafi ni kaɗai, ban ma san me zan je yi ba. Na jira a baranda har aka tashi, sannan na samu malama tana wanke burushi. Na ba ta labari, ina yi ina kuka, ina kuma jin haushi, har muryata ta fara tashi. Na ce mata a ƙasarmu wannan addu'a ce, yabo ne, ba zagi ba.

Ta ce, "Na sani. Mu ma haka kakata take cewa. Amma abin da kika faɗa daban, abin da ya isa kunnenta daban."

"Me ya isa kunnenta?"

"Cewa abin da take tsoro ya faru, kuma kowa ya gani."

Na ce, "To in ta samu sauƙi kada in yi murna? Me zan ce mata?"

Ta ce in yi murna, amma in bar jikinta. In ce na ji daɗin zama da ita, ko in ce na yi kewar hirarta. Na ce wannan ai maganar fina-finai ce, mu ba ma yi wa 'ya'yanmu irin wannan magana. Ta yi dariya ta ce ita ma sai da ta koya.

Tana goge hannu sai idonta ya kai kan nawa. Akwai sauran jan lalle na wani suna da na je. Ta kama tafina tana juyawa, ta ce su ma suna da lalle, amma ba ta taɓa ganin mai layuka a miƙe kamar an sa ma'auni ba. Na gaya mata da salatif muke yi, a yanka shi siri-siri a manna a fata a fitar da zane, a shafa lalle a kai, in ya kama a ɓare. Ta ce ko zan zo in koya wa yaran wata Asabar? Ta ƙara da cewa zan buƙaci mai yi min tafinta, in gaya wa 'yar Yaya.

Na ce, "Dabara ce ta dawo da ita?"

Ta ce, "Za ki iya yi musu bayanin yadda ake kwaɓa lalle da Turanci?"

Na ce ba zan iya ba.

"To ba dabara ba ce."

Da la'asar na ƙwanƙwasa ɗakinta na shiga. Tana kwance ta juya wa ƙofa baya. Na zauna a bakin gado na ce, "'Yar nan, na yi kuskure ran Lahadi. Har yanzu ban gama gane kuskuren ba, amma na yi shi. Ki yafe min."

Sai ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Gwaggo, na san alheri kike nufi. Na san ba ƙiba na yi ba. Na sani da kaina. Amma akwai wani abu a cikin kaina da ba ya jin abin da na sani. Da kika faɗa sai ya tashi, har yanzu bai kwanta ba."

Na ce, "Murya kike ji? Kamar ta mutum?"

"Ba aljanu ba ne, Gwaggo. Ni ce."

Na tambaye ta me ya jawo. Ta ce ko na tuna tana ƙarama duk gida Lukuta ake ce mata, har ni. Na ce wasa ne ai. Ta ce ta sani. Ta ce akwai kuma wani hoto da 'yan ajinsu suka ɗauka, wani ya rubuta wata magana a ƙasa. Na ce to shi ke nan, an gano dalili. Ta girgiza kai ta ce a'a, ba shi ba ne, ko ba shi kaɗai ba. Ta ce da ta zo garin nan komai ya yi mata yawa, karatu, da tsoron kada ta kunyata Baba, sai ta ga abu ɗaya da take iya juyawa yadda take so. Sannan ta ce wannan ma ba ta tabbata ba.

"Ba na son in mutu, Gwaggo. Kuma ba na son in ci. Duka biyun gaskiya ne."

Na dafa ƙafarta kawai. Can na gaya mata maganar lalle, na ce in ba ta zo ba zan tsaya a gaban 'ya'yan mutane ina nuni da hannu kamar kurma. Ta ce za ta yi tunani.

Ta zo. Na kwaɓa jan lalle tun da safe da lemon tsami da sukari, na ƙi ɗaukar baƙi don yana ƙona wa wasu fata. Na tsaya a kan dogon teburin nan ina bayani da Hausa, tana juyawa zuwa Turanci, tana ƙara abin da ban faɗa ba, don na ji suna dariya a inda ni ban yi abin dariya ba. Aka raba salatif da almakasai. Sai aka zo wajen miƙo hannu, ba wanda ya miƙo. Ban yi tunanin wannan ba sam. Ni a sana'ata mata rige-rigen miƙo hannu suke yi. Nan kuwa kowa ya ɓoye nasa a ƙarƙashin tebur.

Saurayin nan ne ya fara. Ya manna salatif a bayan hannunsa na hagu ya yi wani abu da ya ce taswirar layin jirgi ce daga gidansu zuwa nan. Wata Bamalayiya ta miƙo min nata. Da na riƙe wuyan hannun na ji kamar na riƙe kara, bakina har ya buɗe zai ce wayyo, na cije harshe na ce mata wane zane take so. Ta ce tauraro. Na yi mata tauraro.

'Yar direban tasi ce kaɗai ta ƙi. Ta ja hannun rigarta har ya rufe yatsunta, ta zauna tana kallo. Malama ba ta ce mata komai ba, ni ma na bi sahu. Ina cikin ɗaure wa wata leda a hannu na hango 'yar Yaya ta koma kusa da ita, suna magana ƙasa-ƙasa. Can yarinyar ta fito da ɗan yatsa guda ɗaya, ƙaramin, 'yar Yaya ta ɗiga mata lalle a kan farce. Iyakar abin da ta yarda ke nan.

Lalle yana son jira. Suka zauna kusan awa guda hannaye a ɗaure cikin leda, ba mai iya taɓa waya, ba mai iya sosa hanci. Saurayin ya roƙi malama ta gyara masa tabarau, ta gyara a karkace da gangan, ɗakin ya fashe da dariya. A cikin dariyar na tsinci ta 'yar Yaya, irin wadda take yi har da buga ƙafa. Rabon da in ji ta tun kafin ta faɗi a tasha. Na fita baranda na tsaya, direban tasi ya dube ni ya zuba min shayi.

Da za mu tafi na ce wa malama ina ganin an samu kan abin. Ta ce, "Yau rana ce mai kyau. Ki riƙe ta a haka, kada ki ɗora mata kaya."

Gaskiyarta. Da jarabawa ta matso ciwon ya dawo da ƙarfi, har aka kwantar da ita a asibiti mako biyu, aka ce ta ajiye karatu na zango guda. A nan na sake rikicewa gaba ɗaya. Na ce to duk yumɓun nan da fenti da lalle me suka yi? Na tambayi likita, ta ce ciwon haka yake, yana gaba yana baya, kuma wannan karon yarinyar ce da kanta ta ce a kawo ta asibiti, ba faɗuwa ta yi ba. Ban sani ba ko wannan amsa ce, amma na karɓa.

Yaya ya zo da kansa, da niyyar ya tafi da ita gida. Ta roƙe shi ya bari sai ya je Brickfields sau ɗaya. Ya hau siririyar matattakalar nan da babbar riga yana tattarewa. Ranar an gayyaci iyaye su shigo ciki, aka ajiye wa kowa curin yumɓu. Yaya ya ce shi ya wuce wasan ƙasa, ya naɗe hannu. 'Yarsa tana gefensa tana murza nata. Bayan ɗan lokaci na ga ya naɗe hannun riga. Ya daɗe yana fama, ya fito da wani abu da ya ce rago ne. Ta dube shi ta ce, "Baba, ƙafa uku gare shi." Ya ce ɗayar ya kwanta a kanta ne.

A hanyarmu ta komawa tasha, tana gaba, ya rage tafiya ya ce min, "Ke kin gane abin da suke yi a wurin nan?"

Na ce, "Wallahi Yaya ban gane ba."

Ya ce, "Ni ma haka." Ya yi 'yan taku, sannan ya ce, "A bar ta ta ƙarasa."

Ta koma makaranta zangon da ya biyo. Yanzu tana shekarar ƙarshe. Har yau tana ganin likita, sai dai ba kamar da ba. Akwai makon da za ta ci abinci tana hira kamar ba abin da ya taɓa faruwa, akwai ranar da zan ga tana juya cokali a faranti, in ci gaba da ba ta labarin wata mai sayen atamfa da ta sa ni kwance ƙulli bakwai ta tafi ba ta ɗauki ko ɗaya ba. In 'yan uwa sun tambaye ni a waya ko ta warke, cewa nake yi da sauƙi, don ban san wata kalmar ba. Ni kuma sau ɗaya a wata ina zuwa in yi wa yaran lalle. Wasu sun daina zuwa, sababbi sun shigo, ba a gaya mana dalilin tafiyar kowa, na kuma koyi daina tambaya.

Watan da ya wuce muna dawowa daga can da azahar, jirgi ba cunkoso, muka samu wurin zama. Tana ba ni labarin aikin kammala karatunta sai na ji maganar ta tsinke, kanta ya sauka a kafaɗata. Barci ya ɗauke ta. Aka kira sunan tasharmu, ƙofa ta buɗe, na dube ta na kasa tashin ta. Muka wuce tasha biyu kafin ta farka tana tambaya ina muke.